Dalolin da Malam Abdurrahim Ya Adana a Fayil

Duk wanda ya taɓa neman takarda a ma'aikatar da Malam Abdurrahim ya yi aiki ya san shi, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan na ofishin rajista, mai tabarau a karan hanci da jan biro a aljihun gaba, wanda in ka miƙa masa takarda ba zai karanta ba sai ya fara duba ko ka lanƙwasa ta. Shekara talatin da biyar ya yi a ɗaki ɗaya, tsakanin kantocin fayil. Daraktoci sun zo sun wuce, an sauya wa ma'aikatar suna har sau uku, an kawo kwamfutoci an jera, wasu sun mutu ba a ko cire musu leda ba, shi yana nan. A wurinsa, duk abin da ba a rubuta a takarda ba, aka sa a fayil, aka ba shi lamba da jan biro a kusurwar dama ta sama, to bai faru ba. Ko katin ɗaurin aure ka ba shi, in ka dawo bayan shekara biyar zai zaro maka shi.

A gida kuwa, can unguwar Badarawa, ba shi ke yawo da kuɗi ba. Ba wai ba ya kawowa ba ne. Albashi na shiga yake sayo shinkafa da masara, ya biya kuɗin makaranta, ya biya na wuta, daga nan aljihu ya yi fayau sai wani watan. Matarsa Hajiya Turai ita ke da injin markaɗe a zaure, shi kuwa inji ba ya jiran ƙarshen wata. Tun hantsi ake layi da robobin tattasai da wake da gero, ana zube mata hamsin-hamsin, ɗari-ɗari, saboda haka jakarta ba ta rabuwa da canji. Mai ruwa in ya sauke jarkoki ita yake kallo. Mai gyaran famfo ma ita. Lokutan da albashi ya yi nawa, wata biyu, wata uku, injin nan ne ya riƙe gidan, kuma ba wanda ya ji a waje.

Turai ba ta taɓa goranta masa ba, ko da wasa, kuma wannan ne ma ya fi ci masa rai. Da yara suka girma sai suka ɗora daga inda ta tsaya. Faruk, babbansu, da ke aiki a Abuja, shi ya sauya rufin gidan. Ilham, mai harhaɗa magunguna a wani asibiti, wadda ke aure a Unguwar Rimi, ita ta haɗa hannu da yayanta Faruk suka biya wa iyayen kujerar Makka. Malam ya yi godiya, ya sa albarka har da hawaye. Amma a ƙasan ransa akwai abu ɗaya da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Yana so, sau ɗaya kafin ta Allah ta kasance, ya ɗauki matar nan ya kai ta wani wuri ta huta, ya zamana tun fitarsu har dawowarsu ba wanda zai biya ko kofin shayi sai shi.

Wurin ma ya san shi tuntuni. Lokacin da Turai ke makarantar 'yan mata, wata malama Bamisriya ce ta koyar da su lissafi, ta riƙa ba su labarin garinsu, Iskandariyya, inda mutum ke zama a bakin teku yana cin gasasshen kifi iska na kaɗa shi. Lissafin ya gudu tun da daɗewa, labarin kifin ya zauna. Sau biyu ko uku a shekara Turai kan tuno shi, yawanci in tana wanke kifin ƙanƙara tana tsaki.

Akwai kuɗin hutu da ake ba ma'aikaci kowace shekara, wai ya je ya sarara. Malam bai taɓa zuwa ko'ina ba, hutunsa fentin gida ne da yashe kwata. Saura shekara goma sha biyu ya ajiye aiki ya fara ɗaukar kuɗin nan yana kai wa Ila ɗan canji, wani Bazamfare mai zama kan benci a wajen otal ɗin Hamdala, yana sayen dala. Da farko yakan samu takarda uku ta dala ɗari-ɗari, daga baya da naira ta yi ta zubewa ɗaya ma da ƙyar. Ranar da aka yi masa walimar ritaya a ofis, aka ba shi agogon bango, takardun sun kai ashirin da uku. Da kuɗin sallama suka fito ya sayi tikiti biyu na jirgi daga Kano zuwa Alƙahira, na kwana goma, sannan ya gaya wa Turai. Ta ɗauka wasa yake, sai da ya nuna mata takarda.

Unguwa ta ɗauka. Masu cewa me ya hana shi Umara sun fi yawa, ya ce musu ai sun je Makka, Allah ya karɓa, wannan kuma yawon buɗe ido ne, ba zunubi ba ne. Wannan bai dame shi ba. Wadda ta hana shi sakat Ilham ce, da ta zo ranar wata Asabar ta zauna a falo ta tambaye shi da me zai riƙa biyan otal da abinci da mota a can. Ya ce da kuɗi mana, da me ake biya? Ta ce yanzu ba mai yawo da damin kuɗi a ƙasar mutane, in an sace ko sun faɗi shi ke nan, ba wanda za a kama. Katinsa na naira kuma ba abin dogaro ba ne a waje, yau ya yi gobe ya ƙi, ga iyaka da ake sa masa. Ta buɗe jaka ta ciro nata katin na dala ta ajiye a kan tebur, ta ce ya tafi da shi, za ta rubuta masa lambar sirrin. Da yamma Faruk ya bugo waya da tasa dabarar: ya san wani ɗalibi a can, Nazifi, za a ba ɗan'uwansa naira a nan, shi kuma ya miƙa musu kuɗin ƙasar a hannu idan sun sauka.

Malam ya ƙi duka. Ya ce shi ya sha ganin mutane tsaye gaban mai POS na bakin layi, an ce babu sabis, sun yi zuru da leda a hannu, ba zai je ƙasar Larabawa a yi masa haka gaban matarsa ba. Ya ce kati roba ce, ba ka ganin abin da ke cikinta. Duk wannan gaskiya ne a wurinsa, amma ba shi ne dalilin ba. Katin Ilham kuɗin Ilham ne. Faruk kuma, in aka bi ta hannunsa, shi zai tura nairar ya ce Baba a bar maganar. Ilham ta mayar da katinta jaka ranta a ɓace. Turai ta ce mata ta ƙyale shi, ai ta san halin babanta, mutumin da har yau bai yarda da saƙon waya ba sai ya je banki an buga masa a takarda.

Saura mako uku tafiya ya shirya da safe ya nufi wajen Ila, don a fasa masa wasu daga cikin kuɗin zuwa 'yan goma-goma da ashirin-ashirin na kuɗin mota da ɗan abin da ba a rasa ba. Suka gaisa, aka matsa masa a benci. Sai ya zaro wani koren fayil daga hammata, an rubuta HUTU a bayansa da manyan baƙaƙe, ya kwance igiyar ya buɗe a kan cinyarsa.

Shekara goma sha biyu Ila na sayar masa da dala, bai taɓa tambayar inda yake kai su ba. Yau ya gani. Kowace takardar kuɗi Malam ya maƙala ta a jikin farar takarda da fil irin na ofis, wanda ake dannawa, biyu-biyu don kada ta motsa. A ƙasa ya rubuta ranar da ya saya da farashin da ya saya. A jikin kuɗin kuma, kusurwar dama ta sama, ga lamba da jan biro, ɗaya har zuwa ashirin da uku, rubutu mai kyau abin sha'awa. Na farko-farkon sun sha damina goma sha biyu a cikin durowa, fil ya yi tsatsa ya zubar musu da ja.

Ila ya daɗe yana kallo. Ya juya shafi, ya sake juyawa.

"Alhaji, mi kay yi ma kuɗɗin ga?"

Malam ya ce adana su ya yi, ko akwai wanda ya ɓata? Ila ya ce ba wanda ya ɓata, sai dai duk sun ɓaci. Ya yi masa bayani a hankali, don ya ga dattijon bai gane ba. Ya ce mutanensa da ke zuwa can suna dawo masa da irin waɗannan. Ɗan canjin can yakan ɗaga takarda ya haska, ya juya ta, in ya ga ɗigon tawada ko huda sai ya turo maka abarka. A nan gida shi zai iya saye, don yana da inda zai shigar da su, amma sai ya rage. Sababbin ragi kaɗan, masu tsatsar kuwa ragi mai yawa. Da ya kwatanta masa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya tara zai tafi.

Malam ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce shi a saninsa lamba ba ta rage wa takarda daraja, takardar da ba ta da lamba ita ce abar tuhuma.

"Wanga can ofis ɗinku ne, Alhaji," in ji Ila. "Nan kasuwa ta."

Bai yarda nan take ba. Ya ɗaure fayil ɗinsa ya gwada wasu 'yan canji biyu a gaba. Na farko ya yi tayin da ya fi na Ila muni. Na biyun ya kira abokinsa ya zo ya gani, suna ƙunshe dariya, abin da ya sa Malam ya rufe fayil ɗin ya bar wurin ko sallama babu. Ya yi azahar a masallacin kusa, ya zauna bayan kowa ya watse. Kunya ce ta fi damunsa, ba asarar ba. Abin da ya yi shekara talatin da biyar yana alfahari da shi, abin da ya sa daraktoci ke cewa a kira Malam Abdurrahim in takarda ta ɓata, shi ne ya cinye masa guzuri. Ya kuma san cewa waya ɗaya zai buga wa Ilham ta cike giɓin kafin la'asar, har ta ji daɗi an nemi taimakonta. Wannan wayar ce ba ya so ya buga.

Da ya koma gida ya shige ɗaki ya ciro takarda mai lamba bakwai, ya gwada goge jan biron da magogin fensir. Bai fita ba. Ya ɗiga ruwan lemon tsami ya murza da auduga, sai jan ya bazu ya zama wani ɗan tabo kamar an ɗiga manja. A haka Turai ta same shi bayan la'asar, ta kashe inji ta shigo tana goge hannu da gefen zani, ta tarar da mijinta zaune a bakin gado da rabin lemon tsami a hannu, dala ɗari a kan gwiwa.

Ya gaya mata komai, bai rage ba. Ta ɗauki fayil ɗin ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani ta yi ƙoƙari, amma da ta kai kan mai lamba goma sha ɗaya ta ga har ya ja layi a ƙarƙashin kwanan watan da rula, sai dariya ta ƙwace mata. Da ta ga shi bai yi ba, ta haɗiye. Ta ce ai abin bai kai na ɓacin rai ba, akwai kuɗin adashenta da za ta kwasa ƙarshen wata, ga kuma katin Ilham, a haɗa a tafi.

Ya ce a'a. Ta tambaye shi dalili, ta ce kuma kada ya kawo mata zancen sabis.

"Turai, shekara talatin da ɗaya ke nan, in mai ruwa ya zo ke yake kallo," in ji shi. "Makka ma yara suka kai mu. Ina so sau ɗaya in kai ki wuri, ki zauna, ki nuna abu ki ce kina so, ni in biya. Shi ke nan abin da na tara wa kuɗin nan."

Abin ya ɗan sosa mata rai, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ce ita ba ta taɓa ɗaukar kuɗin inji nata ne ita kaɗai ba, ashe shi duk shekarun nan yana riƙe da abin a ciki. Ya ce ba riƙewa ya yi ba, gani ya yi, kuma mutum ba ya iya hana idonsa gani. Ta daɗe tana juya fayil ɗin a hannunta. Can ta tambaye shi ko abin da zai rage zai kai su bakin tekun. Ya ce zai kai, in sun sauka a ƙaramin otal, suka hau jirgin ƙasa daga Alƙahira zuwa Iskandariyya maimakon ɗaukar shatar mota, suka kuma rage cin abincin waje.

"To mu yi haka, Malam," ta ce. "Ni dama ba gadon otal zan je kallo ba."

Ta ce za ta yi musu dambun nama da garin kunu da yaji su tafi da su. Ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi: naman da gyaɗar shi zai sayo, ita wuta kawai za ta hura.

Washegari ya koma wajen Ila. Suka zauna suna ɓanɓare fil ɗaya bayan ɗaya da bakin reza, Ila na girgiza kai, Malam na kallon gefe. Ila ya ba shi sababbin takardu masu ƙamshi, ya kuma ba shi shawara kyauta: kada ya zuba duka wuri ɗaya, ya riƙe kaɗan a hannu na mota da shayi, sauran ya sa a kati. Malam ya ce ba zai ɗauki katin 'yarsa ba. Ila ya ce wa ya ce na 'yarsa, shi ba ya da suna ne?

Wannan tambaya ce ta kai shi gidan Ilham a Unguwar Rimi. Bai gaya mata dalilinsa ba, amma ga alama uwarta ta riga ta gaya mata, don ba ta sake ciro nata katin ba. Ta ɗauki hutun rabin yini ta raka shi banki aka buɗe masa asusun dala da sunansa, ya zuba kashi biyu cikin uku na kuɗin. Da ma'aikaciyar ta miƙo masa takardar shaidar ajiya, mai hatimi da sa hannu, sai aka ga fuskarsa ta saki. Ya karanta ta sau biyu. Bayan mako guda katin ya fito, ga sunansa a jiki, ABDURRAHIM, ba kuskuren harafi ko ɗaya. Ilham ta koya masa yadda ake sakawa da yadda ake rufe lambar da tafin hannu, ta sa ya haddace ta, ta hana shi rubutawa. Kafin su rabu ta miƙa hannu ta zare jan biron daga aljihunsa ta jefa a jakarta, ta ce zai karɓa in ya dawo.

Ranar tafiya Ilham ta zo da sassafe da motarta za ta kai su tashar Kawo, inda za su hau motar Kano. Malam ya ce ta bari, za su hau Keke Napep. Ta kalli uwarta, uwar ta yi mata alama da ido, sai ta yi musu addu'a ta tsaya a ƙofar gida tare da Harira, maƙwabciyar da aka bar wa inji. Aka tare wani mai keke ɗan unguwa, aka cusa akwati biyu da jakar dambu, suka shiga suka matsu.

A bakin tasha mai keken ya sauke kaya, ya juyo ya miƙa hannu wajen Hajiya, kamar yadda duk mai keken Badarawa ya saba. Hannunta ma har ya kai kan zip ɗin jaka. Sai ta tsaya. Ta janye hannun ta gyara mayafi, ta juya tana kallon motocin da ke lodi, sai ka ce ba ta taɓa jin ana biyan kuɗin mota ba. Mai keken ya kalle ta, sannan ya mayar da hannun wajen Malam.

Kuɗinsa ɗari bakwai ne. Malam ya ciro dubu ɗaya ya ba shi. Mutumin ya laluba aljihu, ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya ce wallahi fitowarsa ke nan, ba shi da canji. Jakar Turai kuwa cike take da 'yan ɗari-ɗari na markaɗen jiya, su ukun duk sun san haka. Malam ya ce masa ya riƙe sauran.

Ya saci kallon matarsa. Matar da ba ta taɓa barin naira ashirin a hannun mai keke ba, ga ɗari uku za ta tafi a gabanta. Ya ga leɓenta ya motsa, ya ga ta danne shi da haƙori. Tana kallo har keken ya juya ya shiga titi. Nan ya gane nauyin abin da ya roƙe ta, da kuma cewa ta ba shi. Ya sunkuya ya ɗauki akwatunan biyu.

Tana biye da shi a baya ta ce, "Malam, ga mai ayaba can. Ina so."

Ya ajiye akwatunan ya sa hannu a aljihu.